Ba Mala da Makarar Awo

A ƙasan Rijiyar Lemo, inda layuka ke gangarowa su haɗu kafin su fita babban titi, akwai unguwar da ake ce wa Layin Maƙeri. Maƙeri ɗaya tak ya taɓa zama a wurin, amma ya ishe su, don kuwa shi ya fara kafa bukka a nan tun wurin yana gonakin dawa. Sunansa Mala. Babu mai kiransa haka gatsal sai abokinsa Raji, kowa Ba Mala yake cewa, yadda Barebari ke girmama dattijo. Gajere ne mai faɗin ƙirji, da tsagen gidansu a kumatu. Bugun ƙarfe ya cinye masa kunnen hagu, saboda haka in ya ja ka gefe zai yi maka raɗa, har mai shayin bakin titi sai ya ji sirrin.

Mahaifinsa, Ba Modu, daga ƙasar Borno ya taso, ya shigo Kano a jirgin Nguru da matarsa da wani dunƙulen ƙarfe naɗe cikin buhu. Ƙarfen nan shi ne uwar maƙera, wadda ake ɗora jan ƙarfe a kanta a buga. Ya sami ɗan wuri a Fagge, ba nisa da tashar jirgi, ya kafa ta, ya shiga ƙera ƙugiyoyin 'yan dako da ƙusoshin amalanke da fartanyu na mutanen ƙauye. Nan aka haifi Mala. Aikinsa na farko zuga ne, ya zauna a ƙasa da zugazugin fatar akuya a hannu biyu, wannan ya tashi wannan ya sauka, har gawayi ya yi jajir. Ba Modu ba mai yawan magana ba ne. In wuta ta yi sanyi ba ya cewa komai, sai dai ya ɗan ƙwanƙwasa wa yaron bayan hannu da awartaki. A wurin tsintar tsofaffin ƙarafa Mala ya haɗu da Raji, ɗan wani maƙerin Ilorin da ke gyaran kwaɗo da makulli a bakin Sabon Gari. Faɗa suka fara yi a kan guntun sifirin mota, daga nan ba su sake rabuwa ba.

Gidan su Mala suna da wata al'ada game da uwar maƙera, kuma sai an san ta za a gane abin da ya faru daga baya. A gidansu sau ɗaya ake kafa wa mutum uwa. Inda aka kafa ta nan za ta zauna, ba a tuge ta sai mai ita ya rasu an yi sadakar uku. Sannan maƙera huɗu su haƙe ta, su kai wa magaji, shi kuma ya yi bugun farko. Wanda aka tuge uwarsa ba ya sake ɗaga masaba a kanta. Ba wanda ya taɓa tambayar abin da za a yi in mai ita yana raye, domin ba a taɓa yi ba.

Da Ba Modu ya rasu, Fagge ta riga ta fara cika da 'yan atamfa da shadda. Kowane zaure ana fasa shi a mayar kanti, mai gida kuma ba ya son tartsatsin wuta kusa da dilar yadi. Sai Mala ya ce a kai masa uwar can bayan gari, inda ya sami fili. Raji yana cikin huɗun da suka ɗauko ta, ya yi ta mita a hanya yana cewa ko dila ba zai yarda ya zauna a nan ba. Kubura, amaryar Mala, da ta leƙa ta ga babu komai sai karan dawa da kududdufai, ta zauna a kan akwatinta ta sha kuka ta ƙoshi. Shi kuwa gogan naka ya zaɓi gindin wata tsamiya a kwari, don ta nan hanyar mutanen ƙauye ta bi zuwa cikin gari, kowa da fartanyarsa mai son gyara. Aka binne kututturen ƙirya, aka kafa uwar a kansa. Lokacin rani ne, bai lura da cewa duk ruwan wajen nan yake taruwa ba.

Ba a daɗe ba gari ya biyo shi. Wannan ya zo ya yanki fili, wancan ya zo ya ja katanga, kowa yana ɗan turo ginin gaba ya ci hanya, wai ai taku ɗaya ba komai ba ne. Ranar da aka yi rasuwar farko a unguwar, wani tsoho ne mai sayar da itace, aka ɗauko shi a makarar aro, aka zo tsakanin katanga biyu makara ta ƙi wucewa. Aka juya ta, aka karkata ta, ta ƙi. Ƙarshe sai da aka sauke mamacin aka miƙa shi ta saman katanga cikin tabarma, 'ya'yansa suna kallo. Mala yana cikin masu ɗauka. Kunyar ranar nan ba ta taɓa barinsa ba, ko ya tsufa in ya tuna sai ya girgiza kai.

Ya koma maƙera ya haɗa makara ta bututun ƙarfe da rodi, mai mariƙi huɗu. Daga ranar ya tsiro da awonsa. Duk wanda ya ja igiyar gini a unguwar, sai ya ga Ba Mala tafe da mutum huɗu ɗauke da makara babu kowa a ciki. In ta wuce da masu ɗaukarta ba a goga kafaɗa da bango ba, sai ya ce Allah ya sa albarka. In ta maƙale, sai a ajiye ta nan ƙofar gidan, su nemi inuwa su zauna. Ba zagi, ba ɗaga murya fiye da yadda kunnensa ya saba sa shi. To, wa zai so ya wayi gari da makara a ƙofar gidansa, masu wucewa suna tsayawa suna tambayar wa ya rasu? Kafin azahar za ka ji mai gida da kansa yana neman magini. Ko da aka sami sabuwar makara a masallaci, tsohuwar ta zauna rataye a rumfar maƙera, ana ce mata makarar awo.

Wanda ya fi daɗewa yana jayayya shi ne Hambali, wani Bafulatani mai kantin kayan masarufi, wanda ya fito da barandarsa har tsakiyar layi. Da yake akwai wasa tsakanin Fulani da Barebari, ya ɗauka da raha zai tsira.

"Kai bawana," in ji shi, "ɗauke min wannan tarkacen, kana korar min ciniki."

"Ubangidana," in ji Ba Mala, "ranar da za a fito da kai, ta ina kake so mu bi?"

Makara ta wuni a ƙofar kantin, ko ashana ba a saya ba. Washegari Hambali ya rushe barandar. Suka ci gaba da wasansu kamar da, amma kowa ya san akwai abin da ya kwanta a ƙasan dariyar Hambali.

Haka Ba Mala ya zama uban unguwa ba tare da an naɗa shi ba. Shi ya tara mutane aka haƙa rijiyar farko, shi ya kafa rumfar da ta zama makarantar Islamiyya, shi ake tasowa in maƙwabta sun kaure a kan kwata. Diga da shebur na masu haƙar kabari kuwa, tun daga farko shi ke wasa su ya gyara ƙota, bai taɓa karɓar ko goro a kai ba. An so a ba shi mai unguwa, ya ce shi babbar riga ba ta zama kusa da wuta, a ba wani. Yana da nasa halin, ba za a ɓoye ba. In ya kafe a kan magana ya kafe ke nan, kuma yakan ɗauka duk wanda bai yarda da shi ba bai ji ba ne, sai ya ƙara ɗaga murya.

Allah ya ba su 'ya'ya mata da namiji ɗaya, Abdulhafiz, wanda tun yana ƙarami hayaƙi ke tayar masa da tari, ya tafi Kantin Kwari ya kama sayar da yadi. Wanda ya koyi ƙira a hannun Ba Mala shi ne Quadri, ɗan Raji, shi ma da ya girma ya buɗe shagon walda a Sabon Gari. Gonaki suka ƙare, masu fartanya suka daina wucewa. Abin da ya rage sai wuƙaƙen mahauta, gatarin masu faskare da kayan maƙabarta. Duk da haka, kowace safiya bayan ya karya, Ba Mala sai ya hura wuta. Matan unguwa da ƙarar masabarsa suke sanin lokacin tura yara makaranta ya yi.

Ruwa kuwa yana nan yana jiran ranarsa. Kududdufan da ke shanye shi duk an cike su an yi gini, ƙasa ta koma siminti, leda ta toshe 'yan kwatocin da ke akwai. Kowace damina, in aka yi mai ƙarfi, sai ƙasan unguwar ya koma tafki, mata su yi ta kwarfa da robobi, katangun ƙasa su jiƙe su yi ciki. Shekara da shekaru Ba Mala yana jan dattawa zuwa ƙaramar hukuma neman a yi musu lambatu, har masu gadi suka san tarinsa. Rannan dai aka dace. Aka ce za a ba da siminti da rodi da injiniya, mutanen unguwa su yi haƙa da aikin gayya. Ranar da aka sauke kayan, Ba Mala har rawa ya kusa takawa.

Injiniyan, wani saurayi mai ladabi, ya bi layi yana aunawa yana shafa jan fenti a duk abin da zai tashi: dakalin wannan, matakalar wancan, bakin kantin Hambali. Ba Mala yana biye da shi yana gyaɗa kai. Suka gangaro har ƙasa. Saurayin ya duba na'urarsa, ya sake dubawa, sannan ya tsoma buroshi ya shafa jan fenti a ginshiƙin rumfar maƙera, daidai saitin uwar.

"Baba, a yi haƙuri," in ji shi. "Nan ne ya fi ko'ina kwari. Dama masallaci ne, hagu bene. In ba ta nan ba, ruwan ba shi da hanyar fita titi. Kuma daga nan za a fara haƙa a yi sama."

Ba Mala ya juyo masa kunnen hagu, wanda ba ya ji, ya ce za a duba.

Aka yi taro a ƙofar masallaci bayan la'asar. Duk wanda fenti ya taɓa ya ce ya yarda, amma a fara daga inda injiniya ya ce. Hambali, wanda yanzu gemunsa ya yi fari fat, ya gyara zama yana murmushi.

"Jama'a, yau dai makara ta zo ƙofar mai ita," in ji shi. "Bawana ya tuge ƙarfensa da safe, ni kuma in rushe bakin kantina kafin azahar. In bai taɓa nasa ba, ko bulo ɗaya ba zan cire ba."

Aka yi dariya, amma ba ta yi nisa ba, don tsofaffin wurin sun san al'adar gidan su Ba Mala.

Gaskiya ɗaya ce, Ba Mala ya yi ta zille-zille. Mutumin da bai taɓa ɗaga wa kowa ƙafa ba a kan hanya, sai ga shi yana cewa a bari a sha ruwa, azumi ba lokacin haƙa ba ne. Aka sha ruwa, ya ce a bari a gama hidimar Sallah. Ya bi injiniya har ofis yana tambaya ko lambatun zai iya ɗan lanƙwasawa, aka nuna masa cewa ruwa ba ya hawa tudu. A gida kuma Kubura, da ake ce wa Ya Kubura tun da ta manyanta, wadda ta yi kuka ranar da aka kawo ta wurin, yanzu ita ce ta fi kowa kafewa. Ta ga yadda aka tuge uwar bayan rasuwar surukinta, a wurinta tuge ta da kiran mutuwa duk ɗaya ne. Liman ya zo har gida ya yi musu nasiha cewa wannan camfi ne, ajali ba a gindin ƙarfe yake ba.

"Allah gafarta Malam, na sani," in ji Ba Mala. "Ni ba mutuwa nake tsoro ba. Yaren gidanmu ya gudu daga bakina, garin ubana ban taɓa ganinsa ba. Abin da ya bar min ke nan, ƙarfen nan da yadda ake yi da shi. In na tuge ta na sake bugu a kanta, na zubar da maganarsa. In na tuge ta na bar bugu, to me zan tashi in yi da safe?"

Liman ya yi addu'a ya tafi. Siminti yana jibge a ɗakin ajiyar masallaci, na ƙasa ya fara daskarewa. Gabas kuma kullum sai ta haɗe ta watse.

Wata Laraba bayan la'asar ba ta watse ba. Aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya, kafin a ankara ya kai gwiwa a ƙasan layi. Ba Mala yana tsaye a rumfarsa, ruwa ya kashe wutar ya rufe kututturen uwar, sai ya ji ihu daga gidan Raliat, wata gwauruwa Bayarabiya mai tuwon sayarwa da ta haura shekara talatin a unguwar. Bangon ɗakinta ne ya zauna. Ya kutsa cikin ruwan tare da samari, suka yi ta janye ƙasa da hannu har suka zaro ta, ƙafarta ɗaya ta karye. Ana ɗora ta a Adaidaita Sahu za a kai ta asibiti, ta kama hannun rigarsa.

"Baba, sannu," in ji ta. "Allah ya saka. Kullum kai ne kake tsaya mana."

Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi. Ya tsaya cikin ruwa har keken ya ɓace. A ransa ya san da an fara haƙa tun bayan azumi, da bangon nan yana tsaye.

Washegari da hantsi ya tafi Sabon Gari. Ya sami Raji a kan benci a ƙofar shagon Quadri, ido ya yi rauni, sanda a tsakanin ƙafafu.

"Raji, na zo ka tuge min uwa."

Raji ya ɗago kai. "Mala, lafiyarka kuwa? Mu huɗu muka kai ta, ukun suna ƙasa. Kuma ni a sanina ba a yi wa mai rai."

"To za a fara a kaina."

"Tun ranar na gaya maka wurin nan ko dila ba zai zauna ba."

"Ka faɗa. Sai ka zo ka kwashe abin da ka kai."

Ba Mala ya juya wurin Quadri, wanda ya kashe injin walda ya cire gilashi yana saurare. Ya ce masa Abdulhafiz ɗansa ne, amma hannunsa na yadi ne, uwa kuwa hannun da ya san ta take bi. Za a kafa ta a bayan masallaci, kusa da ɗakin kayan maƙabarta, da sunan Quadri, in ya yarda ya riƙa zuwa yana wasa wa masu haƙar kabari kayansu. Quadri, mutum mai 'ya'ya har da na aure, ya durƙusa a kan ƙarafan shagonsa ya ce, "Baba, na karɓa."

Ranar Juma'a Ba Mala ya hura wutarsa ta ƙarshe. Ya aika aka kwaso duk digogin maƙabarta, da waɗanda aka tara don haƙar lambatu, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana fitar musu da baki. Ya Kubura ta kawo masa kunu ta tsaya a bakin rumfa, abin da ba ta saba yi ba.

"Malam, ka dubi Allah ka dube ni," in ji ta. "In aka tuge ta, ni na san abin da ke biyowa."

"Kwanana yana wurin Allah, Kubura. Hannuna ne zai mutu, ni ina nan."

"Kai da hannun naka akwai bambanci ne?"

Ya ci gaba da bugu. Ya gama digar ƙarshe, ya tsoma ta a ruwa ta yi cuu, ya shafa kan uwar da tafin hannu, ya jingine masaba.

Asabar da safe aka haƙe gindinta. Shekaru sun sa ƙarfen da kututturen ƙiryar sun zama abu ɗaya, babu raba su. Aka ɗora a baro, tayar ta nutse cikin taɓon da ruwan Laraba ya bari. Aka yi cirko-cirko. Sai idon wani ya kai kan makarar awo da ke rataye a rumfa, ya yi sauri ya kawar da kai. Ba Mala ya gani.

"A sauko da ita," in ji shi.

Ya Kubura ta ja mayafi ta rufe fuska ta shige gida. Aka ɗora uwar a makara, aka lulluɓe ta da buhu kamar yadda ta zo daga Borno. Quadri ya kama mariƙi ɗaya, Abdulhafiz ya kama ɗaya, injiniya ya naɗe hannun riga ya kama na uku. Raji ya matso da sandarsa, amma kowa ya ga ba zai iya ba, sai dai ya dafa gefe. Wani ya ce ai al'ada ta ce maƙera huɗu.

"Ina za a samo su?" in ji Ba Mala. "Duk wanda ya kama yau maƙeri ne."

Mariƙi na huɗu yana nan babu kowa. Sai ga Hambali ya ratso mutane, hannunsa duk ƙurar siminti, ashe tun da sassafe ya sa an fara rushe bakin kantinsa.

"Matsa min, bawana," in ji shi. "Ba don kai na yi ba. So nake in ji nauyin abin da ka wuni da shi a ƙofata."

Ƙofar bayan masallaci ta sama take, dole sai an zagaya ta cikin unguwa. Suka ɗauka suka kama hanya, Ba Mala yana biye a baya, hannuwansa a goye. Matan da ke cikin gidaje ba su san abin da ake ciki ba. Suka leƙo suka ga makara ta fito daga maƙera da abu a lulluɓe, ga Abdulhafiz a gaba ido ya yi ja, kuma yau ba a ji masaba ba. Salati ya tashi daga wannan gida ya faɗa wancan. Wata tsohuwa ta fito ba ko takalmi tana kuka tana cewa wa zai tsaya musu yanzu, shi ya haƙa wa mijinta kabari, shi ya raba ta da maƙwabcin da ya so cinye mata fili. Tana cikin faɗa ta yi ido biyu da shi yana tafe da ƙafarsa, ta ja da baya ta dafe ƙirji.

"Da saura, Hajiya," in ji Ba Mala. "Ƙarasa, ina ji."

Mutane suka fashe da dariya, wasu suna yi suna share hawaye. Shi ma ya yi. Kunnen da ya rage masa ya ji duk abin da aka faɗa a layukan nan, kuma ya ji daɗi, ya ji ciwo. Makarar ta bi layi ta fita layi, da mutum huɗu da nauyinta, ba ta goga bango ko sau ɗaya ba. A bayan masallaci aka kafa uwar, Quadri ya yi bisimilla ya yi bugun farko. Kafin azahar an fara haƙa a inda Ba Mala ya zauna tun yana saurayi.

An gama lambatun ana tsakiyar damina. Da aka yi ruwa mai ƙarfi na gaba, mutane suka fito da lema suna kallon yadda yake gudu ya fice titi, har Raliat da sandunanta. Ba Mala bai mutu ba, ko da yake Ya Kubura ta daɗe tana leƙa fuskarsa in ya kishingiɗa. Amma ya rame. Yakan tashi da safe ya karya, ya miƙe kamar mai shirin fita, sai ya tuna, ya koma ya zauna a dakali yana murza tafin hannunsa. Ya zama mai faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Bayan masallaci kuwa ko kallon wajen ba ya yi, in ya idar da salla ta ƙofar gaba yake fita.

Wata Asabar masu haƙar kabari suka zo da digoginsu har ƙofar gidansa, don ƙafarsu ta saba. Sai da suka yi sallama suka tuna, suka fara ba da haƙuri. Ya dubi bakin digogin, duk sun dakushe. Ya shiga gida ya jima, ya fito da wani ƙullin tsumma a hammata, ya ce su wuce ya raka su.

Suka sami Quadri yana tsaye yana tsaki. Ya kawo injin hura wuta mai aiki da lantarki, ga shi an ɗauke wuta tun asuba, gawayi ya ƙi kamawa. Ba Mala ya kwance ƙullinsa. Tsohon zugazugin fatar akuya ne, na Ba Modu, ya sha mai ya yi baƙi. Ya tattara rigarsa ya zauna a ƙasa, ya daidaita bakinsa a gindin murhu, wannan hannu ya tashi wannan ya sauka. Gawayi ya fara ja.

Quadri ya ɗauko masaba ya miƙo masa da hannu biyu. "Baba, ko sau ɗaya. Babu wanda zai ce komai."

Ba Mala ya dubi masabar. Ƙotarta ta lotsa daidai inda yatsunsa suka saba zama. Ya daɗe yana kallonta, hannuwansa ba su bar zuga ba.

"Taka ce," in ji shi. "Zaro ƙarfenka, ya yi ja. Kuma in ka ga wuta ta yi sanyi, ga awartaki nan kusa da kai."